Labarin Eric Liddell, Gwanin Zari-ruga da Tsere

A arewacin Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama, sunanta Sikotilan, babban birninta kuwa Edinbara. Mutanenta ba su da yawa in an gwada su da na Ingila, amma sun yi suna wajen neman ilmi da riƙon magana. Labarin wani ɗan ƙasar nan za mu karanta yau, wanda a ke kira Eric Liddell. Ya yi wa ƙasarsa wasan ƙwallon zari-ruga, ya ci tseren duniya, sa'an nan ya bar ɗaukakar nan duka ya tafi ƙasar Sin ya zama malamin makaranta. Can ya ƙare kwanakinsa a tsare.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Eric ran 16 ga watan Janairu, 1902, a birnin Tiyanjin, cikin arewacin ƙasar Sin. Ubansa, James Liddell, da uwarsa, Mary, mutanen Sikotilan ne, aikin mishan ya kai su can. Eric ya buɗe ido a wani ƙauye mai suna Siyocan, inda ubansa ke wa'azi, ya tashi yana wasa da 'ya'yan Sinawa, yana jin harshensu.

Da ya kai shekara biyar sai iyayensa suka zo da shi gida. A shekarar 1908 aka sa shi makarantar kwana a Landan, shi da wansa Rob. Makarantar nan domin 'ya'yan 'yan mishan aka kafa ta, ita ce daga baya a ke kira Kwalejin Eltham. Iyayen suka koma Sin bakin aikinsu, suka bar yaran nan biyu. A wancan zamani babu jirgin sama na fasinja, tafiya daga Sin zuwa Ingila ta makonni ce. Saboda haka sai a yi shekaru yaran ba su sa iyayensu a ido ba, sai dai wasiƙa.

Eric yaro ne mai kunya, ba shi da yawan magana. A cikin aji ba shi ne na fari ba, amma in aka fita fili sai ka ce ba shi ba ne. Ran wasannin makaranta, sau da yawa shi da wansa su ke raba na ɗaya da na biyu tsakaninsu. Kafin ya fita makarantar sai da ya zama shugaban 'yan wasan zari-ruga da na kurket. Malamansa sun shaide shi da abu guda, watau duk yawan nasararsa ba a taɓa ganin ya ɗaga kai ba. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba a ke gane ta.

Yadda A Ke Wasan Zari-ruga

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san irin wasan nan, gama ba kowa ya taɓa ganinsa ba. Turawa suna ce masa ragbi, sunan wani gari ne a Ingila wanda a makarantarsa wasan ya samo asali. Ƙwallon ba kewayayye ba ne kamar na ƙwallon ƙafa, siffar ƙwai gare shi. Mutum goma sha biyar ke kowane gefe, takwas ƙarfafa a gaba masu ƙwato ƙwallo, bakwai masu gudu a baya. A kan yi minti 80 ana wasa, da hutu a tsakiya.

An yarda ɗan wasa ya rungumi ƙwallo ya ruga da shi, an kuma yarda abokan karawa su kama shi su kā da shi ƙasa. In ya ga za a cim masa sai ya jefa wa ɗan'uwansa, amma fa ba a jefawa gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya ratsa ya dangwala ƙwallo a ƙasa bayan layin abokan karawa, ya ci ke nan. A zamanin Eric cin nan maki 3 ne, yanzu kuwa maki 5.

Akwai kuma wani ƙaramin irinsa na mutum bakwai bakwai, wanda a ke yi minti bakwai a huta, a ƙara minti bakwai. A Sikotilan aka ƙago shi, a garin Melrose, cikin 1883. Wani mahauci mai suna Ned Haig ya kawo shawararsa, domin ƙungiyarsu ta sami kuɗin shiga. A 2016 aka fara yinsa a wasannin Olamfik.

Wani abu kuma, a zamanin Eric ba a biyan ɗan zari-ruga ko anini. Kowa da sana'arsa, wani likita, wani manomi, wani ɗan makaranta. Sai a shekarar 1995 aka yarda wasan ya zama sana'ar da mutum zai ci abinci da ita.

Eric Ya Yi Wa Ƙasarsa Wasa

A 1920 Eric ya shiga Jami'ar Edinbara domin karatun kimiyya. Bai daɗe ba aka sa shi cikin 'yan wasan jami'a. Wurinsa shi ne can gefen fili, inda a kan ajiye wanda ya fi kowa gudu. Aikin ɗan gefe shi ne ya jira har ƙwallo ya iso hannunsa, sa'an nan ya zura da gudu ta bakin layi. Amma in abokan karawa suka taso, wajibi ne ya tare su, ko da sun fi shi girma. Eric ba ƙato ba ne, amma ba ya tsoron karo, wanda ya kama kuwa sai ya kai shi ƙasa.

Ran 2 ga Janairu, 1922, aka fara sa shi cikin 'yan wasan ƙasar Sikotilan, bai ko cika shekara 20 ba. Da Faransa suka kara, a filin Kolombe kusa da birnin Faris, aka tashi 3 da 3. Ku riƙe sunan filin nan, za mu sake komowa gare shi. Wanda ke tsaye kusa da shi yana miƙo masa ƙwallo shi ne Leslie Gracie, wanda shi ma a Eltham ya yi karatu. Kowa ya san halin ɗan'uwansa, tun Gracie bai jefa ba Eric ya san inda ƙwallo zai faɗo.

Wasan da aka fi tunawa shi ne wanda suka yi da Wels a birnin Kadif, cikin Fabrairu, 1923. Shekara 33 ke nan rabon Sikotilan da cin nasara a birnin nan. Eric ya ci sau ɗaya, amma har lokaci ya kusa ƙarewa Wels ke gaba. Ana dab da tashi sai Gracie ya ratsa ya ci, aka tashi 11 da 8. Mutanen Wels, ko da ya ke su aka cinye, suka shigo fili suka ɗauki Gracie a kafaɗa saboda gwanintarsa. Haka wasa ya kamata ya zama.

Duka duka sau 7 Eric ya yi wa ƙasarsa wasa, cikin 1922 da 1923, ya kuwa ci sau 4. A wasannin nan bakwai sun yi nasara a huɗu, sun yi kunnen doki a biyu. Sau ɗaya tak aka cinye su, ran da Ingila ta zo Edinbara cikin Maris, 1923, aka tashi 8 da 6. Wannan shi ne wasansa na ƙarshe. Ya duba ya ga ga karatu, ga ƙwallo, ga tsere, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Sai ya ajiye ƙwallo yana ɗan shekara 21, lokacin da tauraronsa ke tsakiyar haskawa.

Tseren da Ya Faɗi Ya Tashi

Tun 1921 Eric ya fara tsere a jami'a. Wani mai horad da 'yan gudu, Tom McKerchar, ya ɗauke shi yana koya masa. Gudun Eric abin dariya ne ga mai kallo. Ya kan jefa kansa baya, ya buɗe baki, yana wurgi da hannuwa kamar mai iyo. Masana suka ce ba haka a ke gudu ba, amma suka rasa wanda zai wuce shi. Shekara biyar a jere, daga 1921 zuwa 1925, shi ke cinye tseren yadi 100 da na yadi 220 na ƙasar Sikotilan. A watan Yuli, 1923, a Landan, ya yi yadi 100 cikin sakan 9.7, aka yi shekaru da yawa kafin wani ɗan Birtaniya ya fi haka.

Mako guda bayan wannan aka yi gasa tsakanin Ingila da Sikotilan da Ailan a garin Stoke. Aka jera domin tseren yadi 440. An tashi ke nan sai wani ɗan tseren Ingila ya bangaje shi, ya fita daga hanya ya faɗi. Kafin ya miƙe sauran sun ba shi rata wajen yadi 20. A gajeren tsere irin wannan, ratar yadi 20 ba ta kamuwa. Amma Eric ya tashi ya bi su. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, har ya sha gaban na farin ana dab da layi, ya tsallaka, sa'an nan ya zube ƙasa a some, sai ɗaukarsa aka yi. Zari-ruga ya riga ya koya masa cewa wanda aka kayar ba ya kwanciya yana jiran a ba shi haƙuri.

Ranar Lahadi

Kowace shekara huɗu ƙasashen duniya su kan taru su yi wasannin da a ke kira Olamfik. Na 1924 a Faris aka shirya yi. Mutanen Birtaniya duk sun sa rai Eric zai kawo musu lambar zinariya ta tseren mita 100. Da aka fito da tsarin ranaku, watanni kafin a fara, sai aka ga za a yi zagayen farko na tseren nan ran Lahadi.

Eric Kirista ne mai riƙo da addininsa ƙwarai. A gidansu an koya masa Lahadi ranar ibada ce da hutawa, ba a aiki, ba a wasa. Sai ya gaya wa shugabanni ba zai yi tseren ba. Aka yi lallashi, aka yi magiya, ya ƙi. Waɗansu suka zarge shi, suka ce ya kunyata ƙasarsa. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma hana wani yin tsere ran Lahadi ba, nasa dai ya janye. Ku tuna fa, saurayi ne ɗan shekara 22, abin da ya bari kuwa shi ne tseren da ya fi gwaninta a kai, irin damar da ba ta cika zuwa wa mutum sau biyu ba.

Maimakon ya zauna, sai ya shiga shirin tseren mita 400, wanda ba a ɗauka zai yi wani abin kirki a ciki ba. Gudun mita 100 numfashi ɗaya ne, na mita 400 kuwa sai an san yadda za a raba ƙarfi, in ba haka ba mutum ya ƙare tun bai kai ba.

Aka taru a Faris, a filin nan na Kolombe inda ya fara yi wa ƙasarsa ƙwallo. Harold Abrahams, ɗan Ingila, ya ci mita 100. Eric ya shiga mita 200 ya zo na uku, aka ba shi lambar tagulla. Ran Juma'a, 11 ga Yuli, aka jera mutum shida domin tseren ƙarshe na mita 400. Layin waje ya faɗo wa Eric, watau yana gaba ba ya ganin kowa, bai san ko ana cim masa ba. Da bindiga ta tashi sai ya fita da gudu kamar mita 100 zai yi. Ya cinye rabin hanya cikin sakan 22 da 'yan kai. Masu kallo suka ce yanzu zai sare. Da aka shawo kwanar ƙarshe, Horatio Fitch na Amurka ya matso. Sai aka ga Eric ya jefa kansa baya, ya buɗe baki, rata kuwa sai ƙaruwa ta ke yi. Ya tsallaka layi cikin sakan 47.6, ba wanda ya taɓa yin haka a Olamfik kafinsa. Fitch ya zo na biyu, Guy Butler na Birtaniya na uku.

Kwana shida bayan haka aka ba shi digirinsa a Edinbara. Aka ɗora masa rawanin ganye a ka, irin na zakarun Yunanawan dā, 'yan'uwansa ɗalibai suka ɗauke shi suka zaga gari da shi. Waɗanda suka zarge shi jiya, yau su ke tafa masa.

Komawa Ƙasar Sin

A lokacin nan babu wanda ya kai Eric farin jini a Sikotilan. Da ya so, da ya zauna ya jira Olamfik na 1928. Amma tun da daɗewa ya ƙudura zai bi sawun ubansa. Ya ƙara shekara guda yana karatun addini, sa'an nan cikin 1925 ya shiga jirgin ƙasa, jama'a suka cika tasha suna sallama da shi. Ya ratsa Turai da Rasha har ya isa Tiyanjin, garin haihuwarsa. Nan ya zama malamin kimiyya a wata kwalejin samari, yana kuma koya musu wasanni. A 1934 ya auri Florence Mackenzie, 'yar Kanada, wadda ta koyi aikin jinya.

A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Sin. Aka roƙi Eric ya koma ƙauyen Siyocan, inda wansa Rob ke aikin likita. Ya bar iyalinsa a birni ya tafi. Ƙasar ta lalace, ga yunwa, ga sojoji, ga 'yan fashi. Haka ya riƙa bin ƙauyuka a kan keke, ana tare shi ana bincike.

Wata rana ya ji labarin wani mutum da aka ji wa rauni, yana kwance a wani kangon ɗakin ibada, mutanen gari suna tsoron taimakonsa kada sojojin Japan su kashe su. Eric ya nemi mai amalanke, ya lallashe shi, suka tafi suka ɗauko shi. A hanya aka gaya musu ga wani kuma an sare shi da takobi a wuya, an bar shi a kan ya mutu. Suka ratse suka ɗauko shi shi ma, suka kawo su asibiti. Na farin bai yi rai ba, amma na biyun ya warke.

Da abin ya tsananta, cikin 1941, gwamnatin Birtaniya ta shawarci mutanenta su fita daga Sin. Eric ya sa matarsa da 'ya'yansa mata biyu a jirgin ruwa zuwa Kanada, shi kuwa ya tsaya bakin aikinsa. Matar tana da ciki sa'ad da suka rabu. Ta haifi 'ya ta uku a Kanada, wadda har abada ba ta ga ubanta ba.

A Tsare

A watan Disamba, 1941, Japan ta shiga yaƙi da Birtaniya da Amurka. Cikin Maris, 1943, aka tattara Turawan da ke arewacin Sin aka kai su wani sansani a Waishen, cikin lardin Shandon. Mutum wajen 1,800 aka cusa a wuri ɗan kaɗan, an kewaye su da bango da waya da masu gadi. Abinci ba ya isa, da rani zafi, da hunturu sanyi mai tsanani. Attajiri da malami da ɗan kasuwa duk suka zama ɗaya, kowa na bin layi da kwanonsa. A irin wurin nan ne halin mutum ke fitowa fili, gama yunwa ba ta bar wa kowa abin ɓoyewa ba.

Eric ya zama bawan kowa. Shi ne ɗebo wa tsofaffi ruwa, shi ne ɗauko wa marasa lafiya gawayi. Akwai yara da yawa a sansanin, waɗansu an kamo su daga makarantar kwana, iyayensu na can wani wuri. Eric ya san zafin wannan tun yana ɗan shekara shida, saboda haka ya jawo su a jiki, har suna kiransa kawu. Babu littattafai, sai ya zauna ya rubuta musu littafin kimiyyar haɗa sinadarai da hannunsa, daga abin da ke kansa. Ya shirya musu wasanni, in sandar wasa ta karye ya yage ƙyalle ya ɗaure ta. Wani saurayi takalmansa suka mutu cikin hunturu, Eric ya ba shi nasa na tsere.

Ga wani abu kuma da ya kamata ku yi tunani a kansa. Da fari Eric ya ce ba ya shirya wasa ran Lahadi. Yaran suka tafi suka yi abinsu ba alƙali, wasa ya ƙare da dambe. Lahadin da ta biyo baya sai ga Eric a fili yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya bar lambar zinariya saboda ranar nan, ya fito cikinta domin kada yara su ji wa juna ciwo. Abin da ya ƙi yi domin ɗaukakar kansa, ya yi shi domin zaman lafiyar waɗansu.

Wajen ƙarshen 1944 ya fara fama da matsanancin ciwon kai, ya rame, tafiyarsa ta sauya. Likitocin sansanin ba su da kayan aikin da za su gane cutar. Ashe ƙari ne ya fito masa a cikin ƙwaƙwalwa. Ran 21 ga Fabrairu, 1945, rai ya yi halinsa, yana da shekara 43. Sansani duka ya yi makoki. Ran 17 ga Agusta na shekarar nan, watau bai cika wata shida ba, sojojin Amurka suka diro da laima suka buɗe ƙofa.

Bayan Rasuwarsa

Ba a manta da shi ba. A 1980 wani ɗan Sikotilan, Allan Wells, ya ci tseren mita 100 a Olamfik na Mosko, watau tseren da Eric ya bari, ya kuwa ce domin tunawa da Eric ya yi shi. A 1981 aka yi fim a kan Eric da Abrahams, mai suna Chariots of Fire. Fim ɗin ya sauya waɗansu abubuwa, ya nuna kamar a kan hanyar Faris Eric ya ji zancen Lahadi, alhali ya sani tun da watanni. A 1991 Jami'ar Edinbara ta sa aka kai wani dutse daga Sikotilan aka kafa a wurin sansanin, da sunansa a jiki. A 2022 kuma, shekara 100 bayan wasansa na fari, hukumar zari-ruga ta Sikotilan ta sa sunansa cikin jerin manyan gwanayenta.

To, yara, masu gudu sun zo bayansa sun fi shi sauri, gama yanzu ana yin mita 400 cikin ƙasa da sakan 44. Amma yaran nan na Waishen, da suka girma suka tsufa, in an tambaye su labarinsa ba tseren Faris su ke fara faɗi ba. Su kan tuna da mutumin da ya ɗebo ruwa, ya ɗaure musu sandar wasa, ya zauna da su sa'ad da iyayensu ba sa nan. Hali zanen dutse ne.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Eric Liddell, me kuma ya kai iyayensa can?
2. Mutum nawa ke kowane gefe a wasan zari-ruga? Wa ya kawo shawarar na mutum bakwai bakwai?
3. Sau nawa Eric ya yi wa Sikotilan wasa, sau nawa kuma aka cinye su?
4. Don me ya ƙi yin tseren mita 100 a Faris, don me kuma ya yi alƙalanci ran Lahadi a Waishen?
5. Ku nemi Sikotilan da Faransa da Sin da Kanada a taswira.